Ƙofar Ramin Inna Verlene

Gida tara ne a layinmu, amma ramin ɓuya daga guguwa ɗaya ne, na Inna Verlene Stroud. Ban ce na mijinta ba, duk da cewa shi ya haƙa shi da hannunsa a shekarar da suka yi aure, ya zuba siminti, ya kafa ƙofar ƙarfe mai sarƙa ta ciki. Baba Orval ya haƙa, amma tun ranar da simintin ya bushe mulkin ramin ya koma hannun matarsa, shi kuwa ya zama baƙo kamar kowa. In jiniya ta yi kuka a garinmu Tolliver, ba wanda ke tambayar inda za a nufa. Bayan gidansu za ka je, kusa da igiyar shanya, ka tarar da ita tsaye a kan matakala ta biyu, hannu ɗaya riƙe da sarƙa, ɗayan tana nuna mutane da shi tana ƙirgawa.

Ƙirga kawuna kuwa tsohon aikinta ne. Shekara talatin da ɗaya ta yi a kicin ɗin makarantar firamare tana zuba wa yara abincin rana, kuma ko layi ya kai mutum ɗari uku sai ta gane wanda bai zo ba. Gajeriya ce mai kaurin damtse, da tabarau rataye a wuya, wanda ban taɓa ganin ta sa shi a ido ba sai za ta yi wa mutum faɗa. Rabin 'yan sandan garin nan ta taɓa tsare su sai sun cinye wakensu, shi ya sa har yau in an ambaci sunanta sai ka ga ƙato ya gyara tsayuwa.

Ina amarya na san ta. Sati uku da tarewarmu a layin jiniya ta tashi, maigidana yana wurin aiki, sai na shige kabad ɗin kaya na ja bargo na rufe kaina. Ban ji shigowar kowa ba, sai kawai na ga an wage ƙofar kabad ɗin.

"Ke amarya, me kike yi a nan? Ke riga ce?"

Na ce ɓuya nake yi.

"Taso. Sa takalmi, ba silifa ba, mai rufi. Daga yau ke ce ta goma sha ɗaya, kar ki sake sa ni biyo ki."

Shekara ashirin da biyar na yi ina ta goma sha ɗaya kafin ranar da zan ba da labarinta. Wasu sun tashi daga layin, wasu sun mutu, an haifi wasu, lambata dai ba ta canja ba.

Dokokinta ba su da yawa. Takalmi mai rufi, ba shan taba, kare ya shigo amma ya zauna ƙarƙashin benci, kuma kada wanda ya taɓa kwalaben tumatir da kuɓewar da ta jera a kantar jikin bango. Babbar dokar kuwa a kan kanta ta ɗora ta: ba ta jan ƙofa sai ƙirga ya cika. Sau ɗaya ta taɓa gaya mini dalili, muna ɓare wake a barandarta. Tana 'yar shekara bakwai, a wata gonar auduga da ubanta ke yi wa aiki can kudu, guguwa ta taso. Su ba su da rami, suka ruga na maƙwabci. Maƙwabcin ya riga ya rufe, kuma akwai tsohuwar rigimar shinge tsakaninsa da ubanta. Suka yi ta bugu ba a buɗe ba. A cikin lambatun bakin hanya suka kwanta, uwarsu ta rufe su da jikinta. Sun tsira, amma uwar ba ta sake miƙe bayanta ba har ta koma ga Allah.

"Nadine," ta ce mini, "ƙarar iskar na manta ta. Ƙarar hannun babana a kan ƙofar nan ce ban manta ba." Daga nan ta ce in daina zubar mata da wake a ƙasa.

Matsalarta ɗaya a duniya, mijinta. Baba Orval dogo ne siriri mai sanyin magana. Ya yi aikin rijiyoyin mai har gwiwoyinsa suka ce sun gaji, ya dawo yana gyara wa mutane injin yankan ciyawa. Ko kare ban taɓa jin ya daka wa tsawa ba. Amma akwai abu ɗaya da ya riƙe kamar addini. Ubansa ya koya masa cewa gidan da guguwa ta tarar a rufe ruf fashewa yake yi, don iskar ciki ba ta da mafita, saboda haka dole a buɗe tagogi. Tsofaffinmu da yawa da wannan suka tashi. Masu hasashen yanayi sun yi magana a talabijin har maƙogwaronsu ya bushe, cewa ba gaskiya ba ne, ɓata lokaci ne, guguwa da kanta za ta buɗe maka tagar. Baba Orval zai saurara har ƙarshe, ya gyaɗa kai, ya ce, "Yaron nan mai nektai, ko akurkin kaji ya taɓa ginawa?"

Don haka in jiniya ta tashi, kowa ya nufi rami, shi sai ya nufi tagogi. Ya buɗe na gidansu duka, ya tsallaka gidan Eula Pettigrew, gwauruwar da ke maƙwabtaka da su, ya buɗe nata, don ya yi wa mijinta alkawarin kula da gidan kafin ya rasu. In ya gama kuma ba zai taho ba. Sai ya tsaya a baranda, hannuwa a aljihun baya, yana kallon sama. Wannan ciwon ba nasa ba ne shi kaɗai, na mazan Oklahoma ne gaba ɗaya, har da nawa mijin. Jiniya na cewa ku gudu, su abin da suke ji shi ne ku fito kallo. Na daɗe da daina neman dalili, haushi kawai nake ji.

"Orval! Saura kai!"

"Ina tafe, Gwamna."

"Tun ɗazu kake tafe! Daga Texas kake tahowa?"

"Ba ta nan za ta bi ba, arewa ta nufa."

"Ita ta gaya maka? Na rantse da Allah in ba ka zo ba sai na rufe ƙofar nan!"

"Ba za ki rufe ba."

Kuma gaskiyarsa, ba ta rufewa. Za ta tsaya a matakalar, ruwa na dukan fuskarta, tana ƙare masa tanadi, har sai ya taho a sanyaye, ya sunkuya ya shigo, ya ce mana sannunku da jira. In abin ya wuce a tarar ruwa ya jiƙa gado da labule, ta yi masa wankin babban bargo, shi kuma ya fito da katifa rana, ya nuna rufin gida da haɓa. "Ga shi nan tsaye dai. Godiya ce ba a iya ba a gidan nan." Shekara arba'in da shida suka yi a haka. Ba zan ɓoye ba, mu da ke kan benci daɗin faɗan muke ji, yana ɗauke mana hankali daga abin da ke waje.

Ranar da nake son ba da labarinta Alhamis ce, cikin watan Mayu. Tun Litinin ake ta gargaɗi a talabijin. Da safe iska ta yi nauyi, rigar mutum na manne masa a baya tun kafin tara. Guguwa ta farko ta sauka da azahar can yamma da mu, ta biyu ta share wasu gonaki a kudu, rediyo na ta kiran sunayen garuruwa ɗaya bayan ɗaya. Sau biyu muka shiga rami muka fito ba komai. Wannan ma ya taimaka wajen sa mutane sakaci, don wanda ya gudu sau biyu a banza ba ya sauri a na uku.

Ƙarfe biyar saura kwata jiniya ta sake tashi. Maigidana yana can wurin aiki a ɗaya ɓangaren gari. 'Yata ta bar mini jaririyarta Opal, mai sati uku a duniya, ta tafi ganin likita. Na naɗe yarinyar a tawul na ruga. A ranar mu goma sha uku ne a ƙirga, har da yara huɗu, da Eula da sandarta, da Hoyt Ballew, direban tirela da ke ƙarshen layi, wanda Allah ya sa yana hutu.

"Goma sha biyu," in ji Inna Verlene. Ba sai an faɗi wanda ya rage ba.

Eula ta ce, "Na ce masa ya bar tagogin nan nawa. Na ce Orval, don Allah, yau kam bar su. Wai ta kicin ce kawai ta rage."

Ƙanƙara ta zubo manya-manya, sai kuma ta ɗauke lokaci guda. Daga inda nake zaune ina hango sama ta ƙofar, ta yi wani irin kore-kore. Tsit, ko tsuntsu babu. Inna Verlene ta kira sunansa, ba amsa. Ta sake kira. Ba ta zage shi ba, ba ta yi maganar Texas ba, sunan kawai take kira, kuma wannan ya fi komai tayar mini da hankali.

Sai muka ji ta. Ba zan yi ƙoƙarin kwatanta ƙarar ba, a ƙafata na fara jin ta kafin kunne. Igiyar shanya ta tsinke ta wuce, wani kwanon rufi ya bi ta. Yara suka fashe da kuka. Hoyt ya miƙe ya ce, "Inna, lokaci ya yi."

"Yana zuwa."

"Inna, ga ta nan a kan layin Stiles!"

"Na ce yana zuwa!"

Ni ce na yi ihun. Har in mutu ba zan daina jin muryata ba. Matar da ta ciro ni daga kabad, wadda ta zauna da ni kwana biyu ina naƙuda, ita na daka wa tsawa kamar 'yar aikina. "Ki rufe! Verlene, ki rufe ƙofar nan, akwai jaririya!"

Ta juyo ta kalle ni, ta kalli tawul ɗin da ke hannuna. Ta sauko matakala ɗaya, ta ja ƙofar da hannu biyu, ta maƙala sarƙar a ƙugiya. Hoyt ya kama sarƙar ta sama, ita ta ƙasa, suka rataya a jikinta. Duhu ya rufe mu, wani ya kunna tocila. Kunnuwanmu suka toshe. Ƙofar ta fara ɗagawa tana komawa, ƙura na feso mana ta gefe.

Daga nan aka buga ƙofar.

Abubuwa da yawa suna dukanta a lokacin, katako da bulo da abin da ban sani ba. Amma wannan daban ne. Bugu ne a jere, a wuri ɗaya, sau huɗu, aka tsaya, aka sake. Duk wani babba da ke ramin ya ji. A hasken tocila na ga hannun Inna Verlene ya saki sarƙa ya nufi ƙugiyar.

Hoyt ya ce, "Katako ne, Inna! In kika cire ta, ƙofar tafiya za ta yi da mu duka!"

Hannunta ya kai kan ƙugiyar. Ba Hoyt ne ya hana ta ba, hannuwansa biyu suna kan sarƙa, da ta so cirewa da ta cire. Ta dafe ƙugiyar da tafin hannu, ta danne, ta kifa goshinta a kan matakala. An sake bugawa sau biyu. Ba a ƙara ba.

An ce abin bai wuce minti biyu ba a kanmu. Da ya lafa ƙofar ta ƙi buɗuwa, wani abu ya danne ta, sai da Hoyt ya sa jak ɗin mota da ake ajiyewa ƙarƙashin benci don irin wannan rana. Ita ta fara fita.

Babu gidansu. Babu na Eula, babu nawa, babu layin. Daga bakin ramin ina hango tankin ruwan gari, wanda ke da nisan mil biyu, abin da ban taɓa gani daga nan ba, don duk abin da ke tsakaninmu da shi ya kwanta. Itatuwa sun tsaya tsirara ba ganye ba ɓawo. Warin gas da na ɗanyen katako da laka ya cika ko'ina. Wata mota da ban san mai ita ba tana kife a inda falona yake. Kusa da ƙafata na ga wani farantin tangaran ko tsagewa bai yi ba, na tsaya ina kallonsa kamar sakarai.

"Orval!"

Ta zagaya ramin, ta ɗaga kwano, ta ɗaga ƙofar wani gida, ta leƙa ƙarƙashin firji. Maza suka taru suka tone inda kicin ɗin Eula yake har ƙasa. Babu shi. Maigidana ya iso da ƙafa yana haki, 'yata ma ta iso, muka rungume juna muna kuka, Inna Verlene na tsaye gefe tana kallonmu. Kunya ta hana ni haɗa ido da ita.

Kwana biyu muka yi muna nemansa, ni da ita, da ƙafa, don mota ba ta bin titi. Guguwar ta shiga Tolliver ta kudu maso yamma ta fita ta gabas, ta yi wa garin aski mai faɗin rabin mil. Makarantar da ta yi wa aiki, kicin ɗin ne kawai ya rage da bango biyu. Cocinmu ba rufi, benci duk a waje. Ba alamar titi ko ɗaya, ni da aka haifa a garin nan sai da na ɓata sau uku, har mutane suka fara rubuta sunan layi da fenti a kan kwalta. Masu ceto suna bin kango suna zana alama a duk inda suka duba. A kowace kusurwa akwai wanda ya kafa tebur yana gasa nama yana raba ruwa, ba a tambayar ko kai wane ne. Duk inda muka tsaya sai an gane ta.

"Inna Verlene, zauna ki ci wani abu."

"Kun ga Orval?"

"Ki ci dai, ko burodin masara ne."

"Na ce kun ga Orval?"

Matar da ta ƙare rayuwarta tana tilasta wa mutane cin abinci, ko ruwa sai da dabara take sha. Mun duba takardun sunaye da aka manna a ɗakin wasanni na sakandare. Mun je asibitin garin, inda ake duba mutane a filin ajiye motoci don tagogi duk sun fashe. Ranar Juma'a da rana ta ce mu je inda aka ajiye waɗanda ba a gane su ba. Wani ɗan sanda, cikin yaranta na da, ya cire hula ya roƙe ta ta bari shi ya duba mata. Ta sa tabarau ta kalle shi, ya matsa. Ta duba su ɗaya-ɗaya, ba ya ciki. Biyu daga cikinsu ta san su, ta faɗi sunayensu aka rubuta.

Da muka fito ta zauna a bakin kwalta ta cire takalmi ta zazzage yashi.

"Nadine, ke ma kin ji?"

"Me?"

"Kar ki yi mini haka."

Na ce katako ne, Hoyt ma ya faɗa. Ta daɗe tana kallon takalmin. "In shi ne," ta ce, "to na zama mutumin nan mai shinge." Na durƙusa na ɗaure mata igiyar takalmin.

Asabar da hantsi rediyo ya kira sunansa. Yana wani asibiti a birnin da ke mil arba'in gabas da mu. Wani baƙo ne ya tsince shi a lambatu layi biyu daga namu, ya ɗora shi a kan ƙyauren ƙofa, ya sa a bayan a-kori-kura ya tafi da shi. Ba komai a aljihunsa, bai kuma farfaɗo ba sai daren Juma'a. Hoyt ya kai mu.

Mun tarar da shi an naɗe kai, ƙugu ya karye, haƙarƙari huɗu, hannun dama a cikin filasta har gwiwar hannu. Ya buɗe ido ɗaya.

"Ranki ya daɗe, Gwamna. An zo duba talakawa?"

Ba ta yi dariya ba. Ta tsaya a ƙarshen gadon ta riƙe ƙarfensa. "Orval, zan tambaye ka abu ɗaya, kar ka yi mini wasa. Ka buga ƙofar ramin?"

"Wace ƙofa?"

"Orval."

"Ni da ko baranda ban kai ba? Tagar kicin ɗin Eula ce ta ƙi buɗuwa, fenti ya like ta. Ina ta fama da ita, sai na ga bango ya tafi ya bar mini tagar a hannu. Daga nan ban sake sanin komai ba sai waɗannan 'yan matan da ke soka mini allura." Ya yi tari, ya yamutsa fuska. "Kin ga abin da nake faɗa ke nan. Taga ɗaya ta rage ban buɗe ba, dubi abin da ya sami garin."

Hoyt ya tura mata kujera, ta zauna. Ta kifa kai a kan bargonsa ta yi kuka irin wanda ban taɓa jin ta yi ba. Da ta gama ta share fuska, ta sa tabarau, ta fara. Sai da wata nas ta leƙo ta ce a rage murya, akwai marasa lafiya. A hanyar dawowa ta ci burodi da nama har guda biyu, ta yi barci a kafaɗata.

Wata huɗu bayan haka muna zaune a gidajen wucin gadi da aka jera mana a filin baje koli. Wata ranar Talata Inna Verlene ta tafi taron mata a coci, ta bar ni in kai wa Baba Orval abincin rana. Yana zaune a ƙofa da sandunansa, yana matsa wata ƙwallon roba da hannun dama, don yatsun sun ƙi lanƙwasuwa. Abin da ke cina tun watan Mayu ya ƙi zama a ciki.

"Baba, ni ce na ce ta rufe. Ba ta so ba, ni na yi mata ihu."

Ya ci gaba da matsa ƙwallon. "Na ji ki ai."

Na kalle shi.

"Ina tsakiyar tsakar gida. Muryar nan taki ko a Kansas an ji ta." Ya ɗaga hannun ya juya shi. "Kina tsammani taga ce ta yi wannan? Ƙofar da na kafa da kaina ce, ƙarfe mai kyau na saya."

Na zauna a ƙasa na fashe da kuka.

"Ki daina wannan kukan, 'yar nan, ki saurara. Ina bugawa ina roƙon Allah kada ta buɗe. Na san abin da ke bayana, na san su wa ke ciki. Amma hannu ba ya jin magana, shi dai bugu yake yi. Da ta buɗe da yanzu ba ni ba ku, kuma da laifina ne, ni da tagogina." Ya miƙo mini ƙwallon, kamar ita ce za ta rarrashe ni. "Amma in kika gaya mata, ni da ke har abada. Matar nan ba za ta iya ɗauka ba. Yanzu miƙo kwanon, me ta dafa?"

Na riƙe masa. Shekara tara ina riƙe da shi, ko maigidana bai sani ba.

Sun sake gini a filinsu, ƙaramin gida, mu ma muka sake a namu. Daga cikin gida tara, biyar ne suka dawo layin. Yawancin sababbin gidajen da nasu ramin a cikin gareji, amma in jiniya ta tashi sai ka ga mun kwaso takalma mun nufi bayan gidan Inna Verlene, don ramin gareji ba hira. Baba Orval bai taɓa cewa masu talabijin sun fi shi gaskiya ba. Cewa ya yi tagogin zamani ba su da inganci, ba su cancanci wahalarsa ba. Shi ke fara shiga, ya zauna a ƙarshen benci da sandarsa, in mun iso ya ce, "Sai yanzu? Mutane ba sa ɗaukar abin nan da muhimmanci."

A shekara ta tara, cikin sanyin Janairu, ya rasu a kan gadonsa da rana tsaka, bayan ya sha miya. Bayan jana'iza gida ya cika da kwanonin abinci, kowanne da sunan mai shi a manne a gindi. Kwana uku bayan haka na je taya ta wankewa don a mayar wa masu su. Tana wankewa ina gogewa. Ta tsufa sosai a lokacin, sai ta jingina da bakin wurin wanke-wanken take iya tsayuwa.

Ba tare da ta juyo ba ta ce, "Yaushe ya gaya miki?"

Na ce me.

"Nadine, ba ki iya ƙarya ba tun kina amarya. Shekara tara in aka yi maganar ranar nan sai ki tashi wai za ki duba tukunya."

Na ce, "A filin baje koli. Ya ce kar in faɗa. Inna, yaushe kika sani?"

"Tun bugu na farko." Ta ɗauraye wani kwano ta ajiye. "Mutumin da ya yi shekara arba'in da shida yana mantuwa da makulli yana buga mini ƙofa, ni ce ba zan san hannunsa ba? Na san shi ne na danne ƙugiyar."

"To me ya sa kika tambaye shi a asibiti?"

"Na so ya faɗa ne, in roƙe shi gafara. Sai ga mutum ya dawo daga bakin kabari, ido ɗaya a buɗe, ya riga ya shirya mini ƙarya har da fentin taga, don in samu in yi barci. Ita ke nan abin da ya rage masa da zai ba ni. In mayar masa da ita?"

Na tambaye ta ko ta samu barcin.

"Wani lokaci."

Ruwa ya ci gaba da zuba a kan hannunta. Can ta kashe famfon, ta juyo, ta ɗaga tabarau ta sa a ido, na ɗauka faɗa za ta yi mini.

"Opal aji nawa take yanzu?"

"Aji uku."

"Tana cin abinci sosai?"

"Kamar gara."

"To," in ji ta. Ta miƙo mini kwano na gaba. "Goge da kyau, na matar fasto ne."